Kawu Bawa da Furar Bilenda

Duk ranar Talata, kafin kasuwar Mafara ta cika, Kawu Bawa sai ya hau sikelin masu shinkafa. Ku da kuka san shi kun sha gani. Zai cire hula ya miƙa, ya tuɓe takalmi, ya zare agogo, har carbi sai ya ajiye gefe, sannan ya yi bisimilla ya hau. Allura ta yi can ta tsaya inda ta tsaya makon jiya. Sai ya sauko yana tsaki.

"Umaru, wanga sikeli naka maƙaryaci na! Da shi kake cutar manoma?"

"Haba Alhaji, in cuta nika yi ai ragewa za shi yi."

"To ka rage mani mana, mi kake jira?"

Ni na jawo wannan rigima, ni Hadiza, ɗiyar ƙanwarsa da ya riƙa tun ina ƙarama. Shekara uku Kawu yana salla a kan kujerar roba, can ƙarshen sahu, saboda gwiwoyinsa sun gaza ɗaukar jikinsa. Likita ya ce babu dabara sai ya rage ƙiba. Shi kuwa ba ya da wani buri da ya wuce goshinsa ya sake taɓa ƙasa a sujada, ko sau ɗaya. Ina aikin jinya a Bakura, sai na sayo masa bilenda, injin markaɗe mai aiki da wuta, na zaunar da shi na karanta masa: kankana, gwanda, ɗan nono, babu sukari, kofi ɗaya maimakon tuwon dare.

"Maimakon, Kawu. Ka ji ni?"

"Na jiya, ɗiyata. Ai ni ba yaro ba na."

Bayan sati biyu na zo duba shi. Tun daga zaure nake jin kukan bilenda kamar ana niƙan masara. Na leƙa, innalillahi! Curin fura uku a ciki, da dabino, da gyaɗa, da madarar gwangwani, ga kindirmon da wata Bafulatana 'yar Damaga ke kawo masa, mai maiƙo a sama. Kankanar da na ce tana nan dai, yanki guda, don kada a ce bai bi magana ba.

"Kawu, mene ne wannan?"

"Gyara na yi. Waccan taki ko jinjiri ba ta riƙewa."

"Wannan ai ya fi tuwo nauyi!"

"Ke, tauna shi nika yi? Abin da anka sha da kofi ina shi ina zama nama?"

Wallahi ranar har hawaye na yi don takaici, shi kuwa yana lashe gemu.

Sai batun wuta. Kun san halinta, ta zo yau ta yi kwana uku ba a gan ta ba. In ta zo, ko ana tsakiyar hira zai miƙe yana kiran matarsa: "Kulu, sun kawo! A yanka kankana!" In ba ta zo ba, ya wanke hannu ya zauna gaban tuwon shinkafa da miyar sure, babu ko kunya. Na ce a dama masa da ludayi mana, kamar yadda ake yi tun kaka da kakanni. Ya ce a'a, maganin a cikin injin yake, ba ya so a ɓata aikin likita.

Amma duk wannan wasa ne a kan ciyayya. Shekara talatin ana shimfiɗa tabarma ƙofar gidansa bayan magariba, magidanta bakwai, kowa a fito da akushi daga gidansa a ci tare. Kawu ya ce ya bar tuwon dare, kuma gaskiya in akwai wuta ya bar na gidansa. Zai fito da jug ɗin bilendarsa ya shanye tas a gaban kowa. Sai Malam Isa maƙwabcinsa ya buɗe akushi.

"Alhaji, bisimilla."

"Na ƙoshi, Malam. Amma kawo in sa albarka, kar iyalinka su ce na raina su."

Loma biyu nan. To in ka taɓa na Malam Isa ka tsallake na Ɗanjuma, ai ka ɓata zumunci. Haka zai bi akushi shida yana sa albarka. Da na ji labari na tare shi, ya dafa ƙirji ya ce, "Rantse ki ce kin gan ni na ci tuwon gidana ranar da akwai wuta."

Abin ya juya ne ranar da muka je ta'aziyya Maradun, wajen abokinsa na ƙuruciya. Aka tashi azahar, aka nemi kujera gidan aka rasa, sai turmi aka kifa masa. Muka kamo hanyar dawowa har muka kusa gida. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Hadiza, na ga tsofaffin da sunka girme ni sun kai goshi ƙasa. Ni ina bisa turmi kamar mai jiran a yi mai aski. Ina kewar ƙasa, ɗiyata."

Washegari ya tara mutanen ciyayya, ya ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya kamar wanda ya yi musu laifi. Ya aika Inna Kulu gidajen nan shida ta gaya wa matan cewa ba raini ba ne. Ya cire fura da madara daga bilenda, dabino kam sai da muka yi ciniki ya tsaya a biyu. Yana zama a tabarma da kofinsa, ya juya wa akusa baya yana ba bango labari. Ranar da babu wuta, Inna ta dama da ludayi ya sha yana mita. Da hantsi kuma ya taka har bakin fadama ya dawo, yana zagin gwiwoyinsa da sunayensu, don ya raɗa musu Hassana da Usaina.

Wata bakwai aka yi haka. Bai zama siriri ba, kada in yi muku ƙarya, amma wuyan rigarsa ya saki. Wata la'asar, ina gida hutu, ya ce in shimfiɗa masa darduma tsakar gida in ɗauke kujerar. Na tsaya bakin ƙofar ɗaki ina kallonsa. Ya yi ruku'u, ya dafa ƙasa da hannu ɗaya, ya sauke Hassana, ya sauke Usaina, ya kai goshi. Ya daɗe har na tsorata, sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Tashi ne ya gagara, a zaune ya ƙarasa sallar, bayan sallama muka kira Malam Isa da Ɗanjuma suka ɗaga shi. Gemunsa jiƙe sharkaf, yana dariya.

"Mi kuka yi gaggawa? Da kun bar ni nan har magariba."

Bai kai damina ba. Zazzaɓin kwana huɗu, shi ke nan. Har yau in na shigo gidan nan ina sa ran jin muryarsa daga zaure yana tambayar abin da na zo hana shi ci, kuma wallahi da zai dawo, da ni da kaina zan saka masa furar nan uku.

Ya Allah, kai ka ga yadda bawanka Bawa ya sha wuya kafin ya kawo maka goshinsa. Ka karɓa masa, ka yalwata makwancinsa, ka tashe shi da gwiwoyi masu lafiya. Amin.