Madarar da Ta Ƙi Yin Barci

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna a firamare ya tsaya, ga ni kuma da tsoron faɗar abin da ban tabbatar ba. Amma abin ya ƙi barin raina, shi ya sa na zauna na rubuta.

Kindirmo nake yi a gidanmu a Soron Ɗinki. Wata Bafulatana ce take kawo mini madara tun ina goyon fari. In tafasa, in bari ta huce, in zuba ɗan tsohon nono a ciki, in rufe da faifai. Da safe sai in tarar ta yi barci, ludayi ma yana tsayawa. Yawancin masu shan kindirmona yaran unguwa ne da tsofaffi, kuma ban iya aiki da madarar gari ba. In Bafulatanar nan ta daina zuwa, sana'ata ta mutu.

Wata damina sai madara ta ƙi barci. Na buɗe faifai na ga ruwa tsululu. Na zargi hannuna, na wanke ƙwarya sau uku, na aro tsohon nono a wani gida. Kwana uku haka.

Maƙwabciyata tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti. Ta leƙo ta same ni na tasa ƙwarya a gaba.

"Yaya, ba hannunki ba ne," in ji ta. "Ki tambaya ko an yi wa shanun allura."

Ta yi mini bayani a hankali. Ashe wasu ƙananan halittu masu amfani ne suke sa madara barci, maganin allura kuwa yana biyo madara ya kashe su. Akwai kuma wasu masu taurin kai da suke zaune a hanjin mutum da na dabba, suna shiga abinci ta hannu ko mazubi mara tsabta. In suna haɗuwa da magani kaɗan-kaɗan sai su saba da shi. Ranar da suka shiga ciwo ko mafitsara, likita ya ba da magani ya ƙi ci.

Na tuna jaririn da ake yayewa da kindirmona a bayan gidanmu.

Washegari na shimfiɗa wa Bafulatana tabarma, muka gaisa har sau biyu saboda na rasa ta inda zan fara. Ta ce eh, hantsar shanu biyu ta kumbura, maigidanta yana yi musu allura. Na roƙe ta ta riƙa ware madararsu, kada ta haɗa mini.

Ta yi dariya. "Ke Kaɗo, yau ke za ki koya mini saniya? Ke da ko maraƙi kika gani sai ki hau katanga!"

"Ƙawata, ban san saniya ba," na ce. "Amma na san ƙwaryata. In da allura, ba zan karɓa ba."

Ta ɗauki kayanta ba sallama. Mako guda ban gan ta ba. Yara suna zuwa da kwano ina cewa babu. Kullum ina tuhumar kaina ko na yi mata rashin kunya.

Ran nan sai ga ta. Ta sauke ƙwarya guda a gabana.

"Ga ta lafiyayyun, sarkin tsoro. Ta masu allurar na bar wa maruƙa."

Da safe ludayi ya tsaya. Har yau ita take kawo mini, kuma kafin in tambaya take faɗa mini wace saniya ce ba ta da lafiya. Ban taɓa yin abin da nake alfahari da shi kamar wannan ba, ni da ko a kasuwa ba na iya musu.

Saura abu ɗaya da yake damuna. Maƙwabciyata ta ce tafasa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba lallai ta fitar da magani ba, kuma in maganin kaɗan ne madara tana iya yin barci. Don Allah, duk wanda ya san yadda mace irina za ta gane wannan a gida, ko kwana nawa ya kamata a jira bayan allura, ya sanar da masu kindirmo na Soron Ɗinki. Saƙon zai iso ni.