Dutsen da Ya Ari Muryata

Ɗana na fari bai taɓa jin sunansa a bakina ba har ya shiga jami'a. Haka muka taso muka tarar. Mu Fulanin gida ne, a bayan Dutse muke zaune tun garin bai zama babban birnin jiha ba, kuma a wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Ana yaye shi uwata ta ɗauke shi. Ya girma cikin ƙannena, ya ji suna ce mini Adda, shi ma ya kama. In ina nemansa sai in ce "kai", in zan yi zancensa in ce "yaron nan". Ban taɓa jin an rage ni da komai ba. Kunya ce, da ita ake gane 'yar mutane.

Da ya tafi Kano karatu, abin da na ga ya fara koyowa shi ne yawo. Mu mun san fita kiwo, mun san zumunci da aike da kasuwa. Shi kuwa sai ya zo hutu da hotuna cike da ambulan, ya baje wa ƙannensa a tabarma. Ni ina gefe ina tankaɗe, amma idona na kai. Ga shi a kan Dala ya buɗe hannuwa kamar shaho. Ga shi a gidan zu, kura na kallonsa ta cikin ƙarfe. Ga shi a bakin ruwan Tiga, ya nannaɗe wando ya tsoma ƙafa a ruwan da bai san masu shi ba. Ran Asabar sinima, ran Lahadi wani wurin.

Na taɓa tambayarsa, ina kallon rariyata, "Kai, me kuke zuwa yi a waɗannan wuraren?"

Ya ce, "Kallo kawai, Adda. A huta."

"Noma kuka yi da za ku huta?"

Ya yi dariya. Ban yi ba.

Shekarar da aka fara shari'a aka rufe musu sinima da wuraren kiɗa, malamansu kuma suka shiga yajin aiki. Zama ya ishe su. Wata safiya cikin bazara sai ga mota a ƙofar gida, shi da abokansa uku 'yan Kano. Sun zo da rediyo mai kaset, da kyamara, da kula cike da lemo da ƙanƙara. Wai sun gama da duwatsun Kano, saura namu.

Na dama musu fura. Yara ne masu ladabi, ba zan ƙi faɗa ba, sun durƙusa sun gaishe ni. Ɗaya ne dogo mai surutu, ɗan cikin birni, wanda ko fura yake sha bakinsa bai tsaya ba.

A bayan gonakin dabino akwai wani kwari tsakanin manyan duwatsu biyu. A cikinsa akwai wani kwarmi da ruwa, baƙi ƙirin, ba ya ƙafewa ko da rijiyoyin gari sun ƙone. Saniya ba ta shan sa, ko ƙishi zai kashe ta. Makiyayanmu in za su bi ta wurin sai su yi sallama su ja bakinsu, in wani na neman wani sai ya ƙwanƙwasa sanda a dutse. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce ga dalili. Haka ake yi, kuma waɗanda suka yi hakan sun tsufa.

Na ce wa baƙin, don ba zan fuskanci nawa a gabansu ba, "'Ya'yan nan, ku hau duk inda kuka ga dama, ban da kwarin bayan dabino. In hanya ta kai ku kusa, kada ku yi fito, kada ku kira sunan juna. Wanda ya ji an kira shi, kada ya amsa sai ya ga fuskar mai kira."

Dogon ya ce, "Haba Inna, ai shari'a ta zo. Mutanen ɓoyen ma sun tattara sun yi Kudu."

Suka fashe da dariya, har nawa.

Na ce, "Su ba a kai musu shela ba."

Suka tafi da hantsi. Na shiga aikina. Ranar an yi zafin da kaji suka kwanta a gindin randa bakinsu buɗe. Azahar ta wuce, na yi salla, na ɗora sanwa. Ina cikin tsince wake bayan la'asar na ji ƙugin mota. Suka yi sallama suka shigo su uku, fuska duk ƙura, suna ta raha.

Dogon ya ce, "Inna, ina mutumin? Ya gudo ya bar mu da kaya."

Na ce, "Wane mutumin?"

"Ɗanki mana. Tun da kika kira shi ya taho."

Na ajiye faifan. "Ni na kira shi?"

"Ke fa, Inna. Duk mun ji. Ya ce muryar Adda ce, bari ya je ya ji, mu jira shi. Muka jira har muka gaji."

"Da me na kira shi?"

Ya dubi 'yan uwansa kamar tambayar ta ba shi mamaki. "Da sunansa."

Ƙanwar mijina na zaune a bakin ɗaki tana kaɗa nono. Hannunta ya tsaya cak. Yaran suka ga fuskokinmu, rahar ta mutu.

Na tsare su da tambaya har suka faɗi gaskiya. Kwarin suka je, don a nan inuwa take. Suka gano in ka yi magana dutsen yana maido maka, sai abin ya zama wasa. Kowa ya tsaya ya ƙwala sunansa, dutse ya maido, su yi tafi. Da aka zo kan nawa, ya ƙwala, shiru. Ya sake, shiru. Suka yi masa tsiya, wai dutsen garinsu ma bai san shi ba. Sai da suka zauna suna shan lemo, sun ma manta, sannan sunan ya dawo, daga can cikin kwarin, da muryar mace.

Mijina ya tafi kasuwar Jahun da bijimai, ba zai kwana gida ba. Namijin da ya rage shi ne wansa, Baffan yara, tsohon makiyayi, mutumin da tun da aka kawo ni gidan ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ɗaga murya inda zai ji ba. Na yafa mayafi na je na durƙusa a ƙofar zaurensa na gaya masa. Bai tambaye ni komai ba. Ya ɗauki sandarsa.

Mota ta kai mu ƙarshen dabino. Baffa ya ce wa samarin, "Ku tsaya nan. Wanda ya buɗe baki, ni da shi ne." Dogon ya gyaɗa kai kawai.

Muka shiga, shi a gaba ni a baya. Dutsen ya sha rana, zafinsa na ratsa takalmina, amma muna sa kai cikin kwarin sai na ji sanyi a ƙafafuna kamar na taka ɗakin da aka yayyafa wa ruwa. Baffa ya yi sallama, na yi. Ga kwalaben lemo, ga ɓawon gyaɗa, ga inda suka shimfiɗa tabarma. Babu tsuntsu ko ɗaya. Ƙadangaru ne jere a jikin dutse, ba sa gudu, ba sa gyaɗa kai, suna bin mu da ido.

Baffa ya ƙwanƙwasa sanda. Dutse ya maido. Ya matsa gaba ya sake, ya yi irin kiran da yake wa shanu, dutse ya maido shi tsaf. Muka leƙa tsaguwa bayan tsaguwa. Wurin ba shi da wani girma, na sha hango shi daga nesa, amma ranar duk inda muka karya kwana sai mu ga wani lungun. Inuwa ta fara hawa jikin duwatsun. Na san in magariba ta same shi a nan, abin da za mu ɗauka gobe ba shi ba ne.

Baffa ya tsaya ya dogara sandarsa. Bai dube ni ba, ya ce, "Innar yara, muryar da ta shigo da shi ita yake saurare. Tawa ba za ta yi ba."

Sai ya juya mini baya, ya taka gaba kaɗan, ya tsaya yana kallon dutse kamar mai duba wani abu a jikinsa.

Na gane. Na buɗe baki na rufe. Sunan nan ranar suna na ji liman ya faɗe shi daga ƙofar gida, tun daga nan kullum ina jin sa a bakin mutane, amma harshena bai san hanyarsa ba. Ga wan mijina tsaye. Ga wurin da aka hana kiran suna. Na yi bisimilla, na kira, sau ɗaya. Muryar ta fito a tsage, kamar ta tsohuwar da ta kwana biyu ba ta yi magana ba.

Dutsen bai maido ba.

Cikin wannan shirun ne na ji gunaguni ƙasa-ƙasa, kamar ƙudan zuma a kogon itace. Na bi shi, na zagaya wani dutse da na rantse mun riga mun zagaya. Ga ruwan. Ga yaron nan zaune a bakinsa, taku ɗaya ya rage, bayansa manne da dutse, gwiwoyi a ƙirji. Ya toshe kunnuwa da yatsu, ya runtse ido, leɓɓansa sun bushe sun fashe, yana ta maimaita ayatul kursiyyu. Takalminsa ɗaya na kan ruwan, ba ya motsi.

Na durƙusa a gabansa. Da na riga na karya al'adar, sai sunan ya sake zuwa bakina da sauƙi. Ina fara harafin farko na ga ya ƙanƙame jikinsa, ya ƙara danna yatsun, karatun ya ƙara sauri. Na haɗiye sauran.

Na miƙe tsaye na riƙe ƙugu.

"Kai! Tashi dalla, mara jin magana. Ka bar baƙi a ƙofar gida ka zo ka zauna nan kamar wanda aka dasa. Da kunne na haife ka ko babu?"

Karatun ya tsaya. Ya buɗe ido ɗaya, sannan ɗayan. Ya dubi ƙafafuna tukuna, ya daɗe yana kallonsu, kafin ya ɗago.

Ya ce, "Adda?"

"Da wa kake tsammani? Wuce mu tafi."

Baffa ya ɗaga shi ya tallafe shi. Ya waiwaya wajen takalmin, Baffa ya juyo da kansa da hannu. Muka fito ana kiran magariba a gari. Da asuba samarin suka kama hanyar Kano.

Ya yi kwanaki yana zazzaɓi. Aka yi masa rubutu, aka yi hayaƙi, ubansa ya kai shi asibiti suka ce zafin rana ne ya buge shi. Wataƙila. Da ya fara shan kunu da kansa, wata rana ina shara kusa da inda yake kwance, ya yi magana yana kallon rufin ɗaki.

Ya ce ya bi muryar har bakin ruwa, tana gaba yana binta, tana kiransa a hankali, da daɗi, yadda bai taɓa ji ba. Ƙafarsa ɗaya ta shiga ruwan sannan ya tuna Adda ba ta san wannan sunan ba. Ya ja da baya. Amma duk inda ya juya zai gudu, ta can muryar take fitowa, sai ya zauna.

Na ci gaba da shara.

Ya ce, "Daga ƙarshe an yi wani kiran daban. Murya biyu lokaci guda. Ɗaya mai daɗin nan, daga cikin ruwa, ta ce in zo. Ɗaya a tsage, daga bayana, sunan kawai ta faɗa." Ya juyo ya dube ni. "Adda, ta biyun, ke ce?"

Ni ban ji wata murya ba sai tawa. Baffa ma da na sa aka tambaye shi daga baya, ya ce ko tawa bai ji ba, shi yana kallon dutse.

Na ce, "Sha kununka kafin ya huce."

Ya koma Kano da aka janye yajin aikin, ya gama karatunsa. Yanzu yana aiki a nan Dutse, da iyalinsa. Matarsa ta taɓa kawo mini ƙara, wai in ta yi masa magana daga wani ɗakin ba ya amsawa, sai ta zo ta tsaya a gabansa ya ga fuskarta. Na ce ta riƙa zuwa tana tsayawa.