Babban Yatsan Baba

Baba bai taɓa son makarantar da nake koyarwa ba. Firamare ce ta gwamnati a Yako, kuma tun yana iya hawa keke, in ya zo wucewa ta gabanta sai ya kau da kai. Cewa yake yaro zai shekara shida a cikinta ya fito bai iya rubuta wasiƙa ba, bai iya riƙe fartanya ba, abin da ya ƙware a kai shi ne gai da babba a tsaye. Nakan yi masa musu, amma a raina na san rabin maganarsa gaskiya ce. Ni nake shiga ajin da iska ta yaye rufinsa, yara zube a ƙasa.

Shi ya sa da zaɓe ya matso na koma bayan jam'iyyar da ta yi alkawarin gyara makarantu. Baba kuwa tasa guda ce tun ina yaro, ko wa ta tsayar ba ya sakinta. Shekarar nan siyasa ta raba unguwarmu biyu. Majalisar ƙofar gidanmu ta tsage, wasu dattawa suka naɗe tabarmarsu suka koma gindin darbejiyar tsallaken titi. Ni da Baba muka bar zancen gaba ɗaya, sai gaisuwa da maganar gona.

A lokacin yanar ido ta riga ta kama shi, dishi-dishi kawai yake gani. Ranar zaɓe da safe ya ce in raka shi. Na ce ga ƙanena nan, shi da Baba ra'ayinsu ɗaya.

"Kai nake so," in ji shi. "Kai ka san takarda."

Rumfar zaɓen a harabar makarantarmu take, kuma ranar ce kaɗai na taɓa ganin ƙafarsa a ciki. Ma'aikatan suka yarda in kama masa. Na shimfiɗa takardar, na tsoma babban yatsansa a tawada.

"Kai ni kan tawa," ya ce, ya sakar mini hannun.

Daga inda muke tsaye ina hango ajina, rana na shiga ta samansa. Na ce a raina ai ƙuri'a ɗaya ce, kuma don jikokinsa nake yi. Na tsallake tambarin jam'iyyarsa, na danna yatsan a kan tawa jam'iyyar.

Da muka fito, wani abokinsa ya tare mu da tsokana. "Alhaji, ɗan boko ka ba hannunka? Kuma ba namu ba?"

Baba ya ɗaga murya yadda mutanen ɓangarorin biyu za su ji. "Wannan boko bai ɓata shi ba. Ra'ayinmu ya bambanta, amma ba zai ci amanata ba."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Sau da yawa na durƙusa gabansa da niyyar in faɗa, sai in ɓige da tambayarsa ya jiki. Bayan damina biyu Allah ya yi masa rasuwa, bai sani ba.

Da ni aka yi masa wanka. Da na zo kan hannunsa na dama na daɗe riƙe da yatsan nan, har liman ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, jama'a na jira."