Hanyar da Muka Ɗaga

A kwalejin da na yi karatu akwai wani fili tsakanin ɗakunan kwana da azuzuwa, wanda da damina ta faɗi sai ya koma taɓo. Takalmi ya shiga, ƙafa ta fito ita kaɗai. Shekara biyu ina tsaki, har ran nan na ce wa 'yan ajinmu abin kunya ne a ce 'ya'yan manoma sun kasa juya ruwa. Mu yi gayya kawai. Da yake bakina ya fi na kowa kaifi, sai aka naɗa ni shugaba.

Ina da aboki a ajin, mutumin Danja, wanda shan inna ta kama tun yana ƙarami. Da keken guragu yake yawo, irin wanda ake tuƙawa da hannu. Ya fi mu kai nesa ba kusa ba, ga tsokana. Ɗan Maska yake ce mini, da sunan garinmu, wai ko biro na riƙe kamar fartanya nake riƙe shi. Yana da hanyarsa ta bayan masallaci, doguwa ce amma ƙasarta da tauri, kekensa na bi lafiya.

Muka kira taro don kowa ya faɗi yadda yake son filin ya zama. Ɗakin da aka ba mu a saman bene yake. Ni na rubuta sanarwar, ni na manna ta, kuma ban ga komai ba. Da na tuna masa taron, dariya ya yi.

"Ku je ku yanke, ɗan Maska. Duk inda kuka yi hanya zan bi."

Aka yanke abin da kowane manomi zai yanke: a ɗaga hanya kamar kunyar gona, a zuba mata tsakuwa, a haƙa lambatu ya kwashe ruwan zuwa bayan masallaci. Asabar biyu muka yi muna aiki. Mata suka dama kunu, masu gadi suka ara mana baro. Shi kuwa abokina jarkoki ya ɗaura wa kekensa, yana ta yi mana jigilar ruwa yana zolayar masu lalaci. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna nake jin zafi a ƙirjina.

Ran Litinin muka gane abin da muka yi. Kekensa ba ya iya hawa sabuwar hanyar, in ma an tura shi sama, tsakuwa ta riƙe tayoyin. Tsohuwar hanyarsa kuma lambatunmu ya yanke ta.

Muka koma ɗaukarsa, mutum huɗu, shi da keken. Makon farko har rige-rige ake yi. Daga baya sai an yi cigiya. Ya daina tsokana, in an ɗaga shi a gaban 'yan mata sai ya kafa wa ƙasa ido. Na samo katako na ɗora a kan lambatun, ruwan sama ya tafi da shi. Na kai maganar gaban kwamiti, aka ce a bari a gama jarrabawa, ni ma ban matsa ba, don karatu ya sha mini kai.

Ranar jarrabawar farko na makara. Ina cikin gudu na hango shi a bakin lambatu shi kaɗai, kowa ya riga ya shige. Ya ɗaga mini hannu. Na ce masa ina zuwa, bari in kira mutane. Ina isa ƙofa na tarar ana raba takardu, mai sa ido ya nuna mini kujera. Na zauna.

Bai rubuta wannan jarrabawar ba, bai zo ta biyu ba. Kafin mako ya ƙare ƙanen mahaifinsa ya zo da a-kori-kura ya kwashe kayansa.

Bayan hutu muka yi gada da siminti, muka sassauta gangaren hanyar. Na hau babur zuwa Danja don in gaya masa. Na same shi a wata rumfa a bakin kasuwa yana gyaran waya. Ya tarbe ni da fara'a, ya aika aka kawo mini fura. Na yi ta zuba, ina kwatanta masa faɗin gadar da hannu, ina cewa ya dawo, za mu roƙi hukumar makaranta.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ajiye wayar da ke hannunsa.

"Allah ya saka, Malam," in ji shi. Bai taɓa ce mini Malam ba. "Tsakuwa ba ta dame ni ba, kuskure ne, kowa na yi. Amma ka ce kana zuwa. Ina wurin har aka fito."

Wata mata ta miƙo wayarta, ya juya ya karɓa.