Ranar da Aka Kankare Jitar Daniyel

Ban kai shekara goma ba lokacin da wannan abu ya faru, kuma an sha maimaita labarinsa a gidanmu, har ina shakkar ko wasu abubuwan idona ne ya gani ko kunnena ne ya tsinta daga baya. Abin da nake da tabbaci a kai shi ne wata Asabar da hantsi, a daminar shekarar da na shiga aji uku, sa'ad da kogin Binuwai ya cika ya shanye gonakin bakin gada. An shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyar gidanmu a Garuwa, an kwantar da jita a kai kamar majinyaci, manya sun kewaye ta, kafintan unguwa yana tsugune da fasasshiyar kwalba a hannu.

Jitar ta Daniyel ce, ɗan hayarmu. Mutumin kan dutse ne, Kirista, yana aiki a kamfanin auduga, yana zaune a ɗakin jikin zaure, wanda ƙofarsa ke kallon titi, tagarsa kuma ke kallon tsakar gida. Babana, Alhaji, ɗan kasuwar shadda da atamfa, ya ba shi ɗakin bisa sharaɗin kada a ji kiɗa a gidan. Daniyel bai saɓa ba, iya sanina. Jitar ta lantarki ce, akwatin ƙararta yana coci, in ya taɓa ta a ɗaki sautin bai wuce kukan sauro ba. Ya ce ya gaje ta wurin kawunsa da ya yi kiɗa a kudu tun kafin a haife mu, shi ma kawun a hannun wani ya saya. Yana tara kwanuka da labule a ɗakin, don matarsa za ta sauko daga ƙauye bayan girbi.

Mu yara ba sautin ne ya ja mu ba, fuskar jitar ce. Idan na gama wanke-wanke da jido ruwa daga famfo, na ɓare wa kakata gyaɗar ƙuli-ƙulinta, sai in bar ƙawayena suna 'yar carafke in goyi ƙanena Habu mu je bakin tagar. Itacen launin zuma ne, ya yi duhu ta gefe-gefe, da zane a kwance layi-layi, daga dama da hagu suna haɗuwa a tsakiya daidai wa daida. In Daniyel ya karkata ta ga haske, sai layin da ke da duhu ya yi fari, farin ya koma duhu, kamar abin yana gudu a ƙarƙashin ƙyallin. Ya ce sunan itacen erabul, a ƙasashen sanyi yake fitowa, kuma ba kowace bishiya ke yin wannan zane ba. Ya nuna mana gefenta inda allon mai zane, mai kaurin yatsa, yake manne a kan wani itace ja mai nauyi. Habu yakan miƙa hannu zai kama layin, Daniyel ya yi dariya ya ce, “Wanke hannu tukuna, yaro.”

Kakata, uwar babana, wadda muke kira Dada kamar yadda maƙwabtanmu Fulani ke kiranta, sau ɗaya ta leƙa tagar. Ta ƙura wa jitar ido, ta ce, “Wannan ai haƙarƙari ne, kuma numfashi yake yi.” Daga ranar take bin bayan rumbu in za ta zaure.

Da sauro ya yi yawa, zazzaɓi ya kama Habu. An kai shi dispansar, wato ƙaramin asibiti, an ba shi magani, amma jikin ya ƙi sauka, kuma cikin zafin ciwo yana nuna bango yana cewa tana motsi, tana motsi. Ni na ɗauka inuwar labule yake nufi, ko da yake ba zan rantse ba. Dada ba ta tambayi kowa ba. Ta kira babana ta ce ko dai mai itacen nan ya bar gidan, ko ita ta kwashe kayanta ta koma wurin 'yarta a Figil.

Babana ba ya son korar Daniyel, kuma ba ya iya musu da uwarsa. Sai ya nemi hanya daga sana'arsa. Ya ɗauko shadda mai kyau ya karkata ta a rana a gaban Dada, furenta ya ɓace ya dawo. Ya ce, “Inna, kin ga wannan ma tana motsi, kuma inji ne ya yi ta. Waccan ma aikin bature ne, fenti ne kawai aka shafa.” Dada ta ce in fenti ne a kankare ta gani, in zanen ya tafi, magana ta mutu. Na ji an ce da yamma babana ya roƙi Daniyel a zaure ya yarda fenti ne a wuce wurin, shi kuma ya amsa, “Alhaji, a kankare in ana so, amma ba fenti ba ne.” Wannan ban ji da kunnena ba, yayata Binta ce ta ba ni.

To, Asabar ɗin ke nan. Daniyel da kansa ya kwance farantin roba da ke ƙarƙashin tsirkiyoyin, don tabon ya ɓoye in an mayar. Ƙusa ɗaya ta faɗa cikin rairayi muka taya shi nema. Kafintan, Malam Buba, ya sa bakin kwalba ya fara kankara a hankali, wuri kamar tafin hannun jariri. Ƙyallin ya tashi gari-gari, launin zuma ya bi shi, sai ga itace fari fat, busasshe, ba ka ganin komai a jikinsa sai ka ƙura ido sosai, idon Dada kuwa ya riga ya yi rauni. Babana ya sauke ajiyar zuciya har na ji. Ya ce, “Kin gani ko, Inna? Fenti ne.” Dada ta sunkuya ta duba, ta sake dubawa, ta fara gyara mayafi za ta tashi.

A nan ne aka goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma. Da ruwa ya taɓa itacen, layukan suka taso gaba ɗaya, sun fi na sauran jikin ma fitowa, kuma da inuwar ganye ta gifta sai suka yi wannan gudun nasu. Dada ta dubi ɗanta, ba ta ko dubi Daniyel ba, ta shige ɗaki.

Hannun wa ya riƙe tsumman, shi ne abin da har yau ban warware ba. Binta ta ce Malam Buba ne, wai haka kafintoci suke goge ƙura in sun gama, bai yi da nufin komai ba. Babana har ya rasu cewa yake bai lura ba, ni kuwa ban cika yarda da wannan ba, don shi ya fi kowa kusa. A nawa tunanin, hannun Daniyel nake gani, da agogonsa mai baƙin maɗauri, yana tsoma tsumman a buta bayan babana ya ce fenti ne karo na biyu. Amma mai yiwuwa ne na ƙirƙiro hannun daga baya, saboda ya dace da mutumin da na sani.

Ƙarshen wata Daniyel ya ɗora katifarsa da kwanukan matarsa a kura, jitar a rataye a bayansa cikin buhu. Ya durƙusa ya yi wa Dada sallama daga bakin ƙofa, ta amsa daga ciki. Habu ya warke. Dada ta ce bayan tafiyar ne, mahaifiyata ta ce ya fara cin tuwo tun kafin nan, amma a ɗaki take faɗa, ba a tsakar gida ba. Ba a jima ba aka cika ɗakin da buhunan wani ɗan ƙanen Dada mai fataucin Meiganga. Ba na cewa don haka aka yi. Ina dai faɗin abin da ya biyo baya.

Bayan na gama jami'a na karanta abin da na samu game da irin wannan itace. In na fahimta daidai, jijiyoyinsa ne ke tafiya a murɗe tun yana bishiya, shi ya sa haske ke juyawa a kansu, kuma gungume ɗaya ake tsagawa biyu a buɗe kamar littafi, don layin dama ya sadu da na hagu. Wasu masu ƙira kan manna siririn ɓawo ko ma hoton zanen a kan itace mai araha, kuma da irin wannan ce ta Daniyel, da kwalbar ta share komai ya zauna a ɗakinsa. Ko tsohuwa ce ta asali mai daraja kamar yadda ya yi imani, ban sani ba, ban riƙe sunan da ke kanta ba.

Yanzu zauren ya zama shagon gyaran babur, an sare dalbejiyar, 'ya'yan Habu suna kallon jitoci iri-iri a waya ba ko gezau. Ni kuwa in na wuce wurin da tagar take, tafiyata takan ragu. Ban taɓa jin jitar nan da cikakkiyar muryarta ba.

Waɗanda suka zauna a tabarmar nan saura kaɗan. In akwai wanda ya ga abin ba yadda na faɗa ba, daga iyalan Malam Buba ko maƙwabta, ina roƙo ya aiko mini in gyara. In kuma Daniyel yana raye, ko matar da ba ta taɓa shiga ɗakin ba, su nake so su faɗa mini wanda ya jiƙa tsumman.