Mai Gadin da Ya Goya Malam Shekara Shida

Kafin mutanen gidan su gama miƙa, mai gadinmu ya riga ya kunna injin ruwa, ya share tsakar gida, ya kai shara bakin titi. Daga nan sai hawa da sauka. Gidan bene ne mai hawa huɗu, matakala sittin da huɗu daga ƙasa zuwa ƙofar ƙarshe, kuma ƙafa ce kaɗai ke kai mutum sama. Ranar da injin ya yi gardama, jarka biyu-biyu yake ɗauka. In gas ɗin wata ya ƙare tana tsakiyar girki, shi za ta ƙwala wa kira ta taga. Shekara ashirin da biyu ke nan yana wannan aiki, kuma ƙarshen watan nan zai miƙa makullai ya koma gida, don gwiwarsa ta hagu ta ce ta gaji.

Tulu muke ce masa. Sabbin masu haya kan yi mamaki, domin mutumin da suke gani cikinsa a shafe yake, kafaɗa kuwa sai ka ce ta ɗan dambe. Sunan ya samo asali ne tun zamanin da tumbinsa ke riga shi shiga ƙofa. Mutane na zaton mai aikin ƙarfi ba ya teɓa, wannan kuwa zancen wanda bai san Tulu ba ne. Yakan hau benen nan sau goma sha biyar a rana, amma da ya sauko sai ya rama: shayi mai sukari cokali biyar, burodi guda cur, lemon kwalba bayan kowane sahu, ga ragowar shinkafar da matan gida ke miƙo masa. Mu muka riƙa ɗura masa, mu ne kuma muke masa dariya.

A hawa na huɗu akwai wani tsohon malamin makaranta, Malam kawai kowa ke ce masa. Shekara talatin ya yi a ɗakin nan, a nan matarsa ta rasu, littattafansa sun cinye bango biyu. Da ƙodarsa ta gaza, likita ya ce sai wankin ƙoda sau biyu a mako, ga shi ƙafafunsa sun daina iya matakala. 'Yarsa, wadda ke aure a wata unguwa mai nisa, ta ce ya koma wurinta. Malam ya ce shi fa ba inda za shi.

"Baba, to wa zai riƙa sauko da kai?" ta tambaye shi.

Tulu yana tsugune a kicin yana ɗaura gas, ya jiyo su. Ya leƙo ya ce, "Ni zan goya shi."

Ta dube shi, ta dubi tumbin. "Haba Kawu, kai da kanka da ƙyar kake kai kanka sama."

Gaskiyarta. Ranar farko saukowar ta zo da sauƙi, amma a dawowa, daidai kwanar hawa na uku, numfashi ya ƙwace masa. Ya ga duhu, gwiwarsa ta daki matakala, kafaɗar Malam ta bugi bango. Ba a karye ba, amma 'yar ta yi kuka ta yi faɗa. Ta ce ta ba su wata uku, in ba a sami hanya ba za ta zo da mota ta kwashe uban da littattafansa. Kafin nan mijinta da direban tasi suka riƙa kinkimar Malam a kujera suna haki suna mita, kowa ya san ba abu ne mai ɗorewa ba.

Tulu ya ji kunya ƙwarai, sai ya yi abin da yawancinmu za mu yi, ya daina cin abinci. Ruwan shayi da safe, ɗan loma da yamma, aiki kuma yana nan yadda yake. Cikin mako biyu fuskarsa ta zurma, ƙarfinsa ya ragu, tumbin kuwa ko gezau. Ranar da tukunyar gas ta suɓuce masa ta gangaro hawa guda tana ƙara, duk gidan muka fito a guje.

Nas ɗin da ke kula da Malam a ɗakin wankin ƙoda ita ta gan shi zaune a benci ya yi jugum, ranar da ya raka su asibiti. Da ta ji abin da yake yi, ta riƙe haɓa.

"Baba, so kake ka kashe kanka? Ai ba kitsen kake ƙonawa ba, naman jikinka kake cinyewa. Da me za ka ɗauki mutum?"

"To Sista, in na ci tumbin ya ƙaru, in na bari in faɗi. Ya zan yi?"

"Ka ci, amma ka san abin da za ka ci. Sukari da lemo ka sallame su. Shinkafa rabin abin da ka saba, ka cike gurbin da wake, da ƙwai, da kifi, da ganye. Ka ci kafin aiki, ka sha ruwa, ka yi barci. Nauyi kuma ka fara da kaɗan."

Ya tambaye ta nauyin Malam, ta duba kati ta ce kilo sittin da ɗaya. Ya samo buhu, ya zuba yashi rabin haka, ya ɗaure shi a baya da tsohon zanen matarsa, ya riƙa hawa da shi kwana uku a mako. Duk mako sai ya ƙara yashi kwano guda. Mun tsaya a baranda muna tsokanarsa, wani ya ce Allah ya raya, wata ta tambaye shi sunan jaririn. Yakan yi murmushi ya wuce, don ba shi da numfashin ɓatawa. Matan gida sun ji haushi da ya fara mayar musu da kwanon shinkafa, daga baya suka koma dafa masa ƙwai.

Bayan wata biyu ya hau sikelin asibiti, ya ga kilo uku kacal ya sauke. Ya dawo ransa a ɓace, ya ce wa matarsa wahalar banza ya sha.

"Wahalar banza?" in ji ta. "Maigida, sau biyu ina rage maka ƙugun wando ba ka ma lura ba. Rigarka kuma hannunta ya matse, sai da na farke na saki. Kitse ya tafi, tsoka ta zauna a wurinsa, shi sikeli ina ya san bambanci?"

Saura kwana tara wa'adin ya cika, ya tsuguna a gaban Malam a gindin bene. 'Yar tana biye da su ta miƙa hannu biyu kamar mai jiran kwano ya faɗo. Ya hau, ya tsaya sau ɗaya a hawa na biyu, ya ƙarasa. Da ya sauke Malam a kujerarsa, sai tsohon ya gyara tabarau ya ce, "Ke kuma ki je ki kula da gidanki." Ba ta sake tada maganar mota ba.

Haka aka yi ta yi, sau biyu a mako, shekara shida. Bayansa ya san nauyin Malam fiye da katin asibiti. Wata Lahadi ya ɗaga shi daga gado zuwa kujera, sai ya tsaya cak ya ce, "Malam, yau ka fi jiya nauyi, kuma ba abinci ba ne." Malam ya ce ya rabu da shi, ranar zuwansu Talata ce. Tulu bai saurare shi ba, ya goya shi ya tare tasi. Ruwa ne ya taru masa a jiki har ya fara taɓa huhu, nas ɗin ta ce da sun kai Talata da wani labarin ake yi.

A watan jiya likitoci suka ce jikin Malam ba zai ƙara ɗaukar wankin ba. 'Yar ta so a bar shi a gadon asibiti, Malam ya ce a kai shi ɗakinsa. A lokacin gwiwar Tulu ta kumbura, likita ya riga ya hana shi ɗaukar kaya. Maza uku suka ce za su kama da kujera, Malam ya girgiza kai ya nuna mai gadi da yatsa. Tulu ya ɗaure gwiwar da bandeji, ya tsuguna, ya hau da shi har sama bai tsaya ko sau ɗaya ba. Kwana goma sha ɗaya Malam ya ƙara, a kan gadonsa ya cika.

Kai ne, Tulu, ka sauya jikinka kana da shekara hamsin da biyu don wani tsoho ya zauna a ɗakinsa. Ba ɗanka ba ne, ba ubanka ba ne, kuma ba ya cikin aikin da aka ɗauke ka. Gwarzon bene, mun yi maka dariya, ka yafe mana. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ba gwiwar nan lafiya. Ku kuma masu aikin ƙarfi da ke fama da teɓa, kada ku horar da kanku da yunwa, ku ci abin da zai riƙe ku, ku ƙara nauyi sannu a hankali. Sauranmu kuwa mu duba gidajenmu, akwai wanda matakala ta fi ƙarfinsa yana jiran wanda zai tsuguna masa.

Shekaranjiya na same shi yana haɗa kayansa a ɗakin gadi, na tambaye shi yadda ya yi ya kai sama da wannan gwiwa a hawan ƙarshe. Ya ci gaba da naɗe tabarmarsa.

"Ai ba gwiwar ce ta dame ni ba," ya ce. "Tun daga matakalar farko na ji babu kowa a bayana sai ƙashi. Shi ya sa ban tsaya ba, ban so ya ga fuskata."