Muryata a waƙar noma

Jama'a, yau asirina ya tonu a cikin gidana!

Na sayi tsofaffin waƙoƙin noma a kasuwar Matamaye, aka tura mini a salula. Na kunna muna cin abincin rana. Sai makaɗin ya ce, "Amsa mini, Idi ɗana!" Wata murya ta amsa.

Ɗiyata Hadiza ta ajiye loma. "Baba, wallahi muryarka ce!"

Ni ne kuwa. Shekara shida ina yi wa tsohon nan amshi a ƙauyen Tsauni, yana ciyar da ni. Da na samu shago sai na ɓoye zancen, kada a ce mini maroƙi. Ko gaishe shi na daina.

Matata ta ce, "Yana raye?"

Na ce, "Yana nan."

Ta ce, "To Malam, wanke hannunka."

Ga ni a tasha yanzu, zan tafi Tsauni wurinsa. Allah ya sa ya yafe mini.